Jirage sun ƙaru, kamu ya ragu: yaya masu bincike suke lissafin ribar kamun kifi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Yauri nake sarin kifi. Kwale-kwale ya cika ruwa fiye da da, amma kowane masunci kukan rashin kamu yake yi. Na ji ana cewa wai in an rage jirage riba za ta ƙaru. Yaya ragi zai haifar da ƙari, kuma da me ake auna wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, kuma tun 1954 masanin tattalin arziki ɗan Kanada, H. Scott Gordon, ya yi bayaninta. Kifin da ke cikin ruwa ba shi da mai shi sai an kama shi. Makiyayi yana barin maraƙi ya girma don ya san nasa ne. Masunci kuwa in ya saki ƙaramar karfasa yau, ragar wani za ta faɗa gobe, don haka ba ya saki.

Ga misali na lissafi kawai, ba alƙaluman wani tafki ba ne. A ce kowane jirgi yana cin kuɗin kilo 3.5 na kifi a rana, tsakanin mai, gyaran raga da rabon yaran jirgi. Jirgi 100, kowa na samun kilo 10, jimla 1,000, riba 650. Jirgi 200, kamu ya koma kilo 7, jimla 1,400, riba 700. Jirgi 300, kilo 5, jimla 1,500, amma riba ta sauka zuwa 450. Jirgi 400, kilo 3.5, jimla 1,400, ribar babu ko anini. Ka lura, inda kifi ya fi yawa daban, inda riba ta fi yawa daban, kuma riba takan kai ƙololuwa tun kafin kamu ya kai tasa. Abin da ke hana a tsaya a 200 shi ne sabon shiga ba jimla yake dubawa ba. Yana ganin kilo 5 ya fi 3.5, sai ya sayi jirgi. Ragin da shigowarsa ta jawo wa sauran ba ya cikin lissafinsa.

Awon kuwa aiki biyu ne. Na farko ƙidaya: sau ɗaya a shekara a zaga duk masaukan jirage, a ƙirga masunta, kwale-kwale, mai inji da mara inji, da kayan su kamar kalli, birgi, mamari da gura. Na biyu awon kamu: kowane wata a zaɓi wasu masaukai, a yi 'yan kwanaki ana ɗora kamun kowane jirgi a sikeli, a rubuta irin kifin, kayan da aka kama shi da su, da farashin bakin ruwa. Sai a ninka matsakaicin kamun jirgi ɗaya da kwanakin fita da yawan jirage, a samu jimlar kamu. Irin wannan aikin aka yi a tafkin Kainji a shekarun 1990, ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus tare da cibiyar binciken kifin ruwa mai daɗi da ke New Bussa, kuma a wancan zamanin ne aka haramta dala, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa, saboda yadda take kwashe 'ya'yan kifi.

Wajen kuɗin kashewa aka fi tafka kuskure. Kuɗin raga da na jirgi ana raba su ne a kan tsawon lokacin da za su yi aiki, ba a ɗora su a wata ɗaya ba. Sannan a sa wa wahalar mai jirgin farashi, gwargwadon abin da zai samu in ya je ƙwadago. In an manta da wannan, takarda za ta nuna riba alhali mutum guminsa yake ci.

Wani tarkon ya fi wannan haɗari. Kamun jirgi yana iya tsayawa cik alhali kifi na ƙarewa, domin an sa inji, an ƙara tsawon raga, ko an matse idonta. Haka ta faru a gabar Newfoundland ta Kanada: manyan jirage suna ta cika a wuraren da ragowar kifin ya taru, har aka rufe kamun wani kifin teku da ake kira kod a 1992, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'a. A teku asarar ba ƙarama ba ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2012 kaɗai an yi asarar kusan dala biliyan 83 saboda kamun da ya wuce kima.

Sai dai ban yarda a ɗauki wannan lissafin a ɗora wa ruwanmu ido rufe ba. A tafkin Chadi da fadamun kogin Neja, girman ambaliya yakan fi yawan jirage tasiri, domin a cikin ciyawar da ruwa ya mamaye kifi ke hayayyafa. Shekarar ƙarancin ruwa kamu zai faɗi ko da ba a ƙara jirgi ɗaya ba, saboda haka sai an haɗa alƙaluman kamu da na tsayin ruwa na shekaru da dama. Kuma kamun kifi mafaka ne ga wanda noma ya ƙi masa. Korar mutane daga ruwa ba tare da wata sana'a ba ba ta ɗorewa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne faɗaɗa idon raga, hutar da wuraren hayayyafa lokacin cikar ruwa, da rajistar jirage ta hannun sarakunan ruwa.

Kai ma kana iya yin naka awon. Kowane mako ƙirga karfasa nawa ke cika kilo ɗaya, ka rubuta tare da irin ragar da ta kamo su. In bara huɗu ne bana bakwai a daidai wannan watan, manyan sun ragu, ko da daro yana cika.