Fanoramar da Ta Fito da Ɗigo a Jere

Ka ce: "Maigida, na hau Dala na ɗauki gari guntu-guntu, daga wajen Goron Dutse har na zagayo kan koriyar kubbar Babban Masallaci, na haɗa su a kwamfuta. Sai sama ta fito dabbare-dabbare, nan haske can duhu, bakin dutsen da ke gabana ya rabu biyu, ga kuma wani baƙin ɗigo a jere tun daga farkon hoton har ƙarshensa. Manhajar ce ba ta da kyau, ko kyamarar ce ta fara mutuwa?"

Na duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, yarona. Kyamararka lafiyarta ƙalau, manhajar ma ta yi iya ƙoƙarinta da abin da ka ba ta. Duk abubuwa ukun da ka lissafa tun a kan dutsen suka faru, kafin ka sauko. Fanorama hoto ɗaya ce da ake ɗauka a yanke, don haka dole kowane yanki ya fito kamar a dannawa ɗaya aka ɗauke shi da sauran. Kai kuwa ka bar kyamara a oto, ita kuma oto kowane hoto sabon lissafi take yi masa, ba ta san akwai na baya ba balle na gaba.

Sama da ta yi dabbare-dabbare daga nan ta samo asali. Da ka fuskanci ɓangaren rana, kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage. Da ka juya baya ga rana ta ga duhu ta ƙara. Launi ma haka, ta ɗan ja shi wajen shuɗi a nan, ta mayar da shi wajen ja a can. Kowane ɗaya in ka kalle shi shi kaɗai ba shi da aibu, sai an jera su ake ganin gaɓa. Maganin shi ne ka murɗa zuwa harafin M, inda kai ne za ka saita komai da hannunka. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100 ko 200, ƙofar haske a f/8, sannan ka zaga da kyamarar a idonka ba tare da ka danna ba, ka nemo wurin da ya fi haske a cikin abin da za ka ɗauka. A kansa za ka saita saurin shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, yadda sama ba za ta ƙone ta zama fari fat ba, domin duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, amma wurin da ya ƙone ya tafi ke nan. Da rana tsaka za ka samu 1/250 na sakan ko sama da haka cikin sauƙi, kuma wannan ya isa a riƙe da hannu. Launi ka cire shi daga oto ka ɗora a kan alamar rana. Fokas ka saita shi a kan wani gini mai nisa, ka mayar da maɓallin lensi zuwa MF, wato fokas na hannu, kada ka sake taɓa shi, kada kuma ka taɓa zum har ka gama.

Na lura akwai filtar nan mai kashe ƙyalli a bakin lensinka, wadda ake murɗawa sama ta ƙara shuɗi. Cire ta duk ranar da za ka yi fanorama. Ƙarfinta ya fi yawa a ɓangaren saman da ke gefe da rana, ya ragu in ka fuskanci ranar ko ka ba ta baya, saboda haka a hoto mai faɗi sai ta bar maka wani baƙin bango a tsakiyar sama wanda gyaransa wahala ce.

Yanzu riƙon kyamara. Na ga a kwance ka ɗauka, kuma a 18mm, wai don ka ci wuri da yawa. Lensi a ƙarshen faɗinsa yana miƙe abubuwan da ke gefe, kuma gefen nan shi ne wurin da za a haɗa. Ka dawo da shi wajen 35mm ka tsayar da kyamarar a tsaye. Irin taka mai megafiksel 24 tana ba da fiksel 6000 a dogon gefe da 4000 a gajere. In ka tsayar da ita, tsayin fanoramarka ya zama 6000, ka sami rarar da za ka yanke sama da ƙasa bayan an haɗa, domin bakin hoton ba ya taɓa fitowa a miƙe. A 35mm a tsaye kowane hoto yana cin wajen digiri 25. Kowane sabon hoto kuma ya hau kan kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, yadda kafinta yake ɗora kwanon rufi a kan gefen ɗan'uwansa. A wannan wurin da suka hau juna manhaja take neman taga ɗaya, hasumiya ɗaya, bishiya ɗaya da ta bayyana a duka biyun ta ɗinke su. Naka wasu da ƙyar suka taɓa juna. Da wannan lissafi rabin da'ira zai ci maka hoto goma ko sha ɗaya, faɗinsa kuma ya kai wajen fiksel 28,000, wanda ya isa a buga shi ya cika bangon falo.

Ga wata 'yar dabara: kafin ka fara ka ɗauki tafin hannunka, in ka gama ka sake ɗauka, don ka gane inda jerin ya fara da inda ya ƙare. Ranar da ka dawo da hoto ɗari uku a memori za ka gode mini.

Dutsen da ya rabu biyu shi ne abin da na fi so ka gane da kyau, don shi ne ke kayar da waɗanda suka daɗe ma a sana'ar. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya ka dube shi, sannan ka sauya ido. Yatsan zai yi tsalle, bangon da ke bayansa bai motsa ba. Abin da ya faru da kai ke nan. Ka tsaya wuri ɗaya kana juya jikinka, kyamara tana gaban fuskarka tana zagaya ka, wato kowane hoto daga wani wuri daban aka ɗauke shi, ko da tazarar taki ɗaya ce. Gidajen da ke can nesa ba su damu da wannan tazara ba. Dutsen da ke kusa da ƙafarka kuwa ya matsa, manhaja ta rasa wanda za ta bi, ta bi gari ta karya dutsen. Kyamarar ce ya kamata ta juya a inda take, kai ka zagaya ta. Ka sa babban yatsanka a ƙarƙashin lensi, wajen tsakiyarsa, ka ɗauka an kafe shi a nan, ka riƙa juya kyamarar a kansa kana matsar da ƙafafunka. Akwai kan ƙarfe na musamman da ake ɗaurawa a kan mai ƙafa uku don wannan aiki, yana da amfani ga mai ɗaukar cikin ɗaki ko cikin masallaci inda komai ke kusa. Kai a yanzu ba ka buƙatarsa. Ka matsa inda babu wani abu a kusa da kai, mita biyar ko fiye, matsalar ta kau da kanta.

Abin da ke motsi ma yana ɓata haɗi. In a bakin titi kake, ka jira adaidaita sahu ya wuce tukuna, in ba haka ba ka same shi rabi, ko mutum ɗaya ya fito sau biyu. Wasu da gangan suke yin haka: a tsayar da yaro a farkon hoto, in an wuce shi ya zagaya ta bayan mai ɗauka ya je ya tsaya a ƙarshe. Masu biki suna son irin wannan. Ranar Hawan Daushe kuwa kada ka wahalar da kanka da fanorama a kan dawaki masu sukuwa. Ka sauke shota zuwa 1/30 ko 1/60 ka bi doki ɗaya da kyamara kana dannawa, shi ya fito sarai, jama'ar bayansa su zama zane-zane. Fanoramar kuma ba dole sai a kwance ba, doguwar hasumiya ko tsohuwar kuka ana ɗaukarta daga gindi zuwa sama a haɗa.

Tunda ka fara hawa tudu, ka riƙe wannan: daga kan Dala tsakar gidajen mutane kake gani. Gari ka je ɗauka. Kada ka ja zum cikin gidan kowa, in kuma ka haɗa ka ga iyalin wani sun fito a fili, ka yanke wurin kafin ka nuna wa kowa.

Sai baƙin ɗigo. Ka duba hotunan tun kafin a haɗa su, za ka gan shi a wuri ɗaya a cikin kowannensu, sama ta hannun dama. Ƙura ce guda ɗaya tak a kan sensa, wato allon da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, fanorama ta maimaita maka ita sau adadin hotunanka. Kuma oto ta matse ƙofar haske har f/16 saboda ƙarfin rana, ita kuwa ƙura sai an matse ƙofa take fitowa da baki sosai. A f/4 da wuya ka lura da ita. In kana so ka san halin da sensarka take ciki, ka sa f/22, ka kawar da fokas, ka ɗauki farar takarda ko sama wadda babu gajimare, ka buɗe a kwamfuta ka ƙara girma. Kada gabanka ya faɗi, kowa yana da su. Ƙurar da ke kan gilashin gaba ba ta cika fitowa a matsayin ɗigo ba, sai dai ta dusashe hoto in ka fuskanci haske. Wadda kake gani a ramin leƙawa amma babu ita a hoto, tana kan madubin da ke cikin kyamara ko gilashin da ke samansa, ba ta cutar da komai, a bar kaza cikin gashinta.

Mu a nan ba mu da sa'a da ƙura. Hazon hunturu, wanda mafi yawansa iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, laushinsa ya fi na gari, babu inda ba ya shiga. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ka ɗauka duk buɗe kyamara a waje gayyato shi ne. Ka zaɓi lensin da za ka yi aiki da shi tun a ɗaki. In dole ta sa ka sauya a waje, ka kashe kyamarar, ka ba iska baya, ka kifa bakinta ƙasa, sabon lensin yana hannunka a shirye. Lensi mai zum da ke tsawo yana gajarta shi ma yana zuƙar iska ciki, saboda haka ka goge jikinsa kafin ka mayar da shi. Kyamarorin da ba su da madubi sun fi kamuwa, domin a yawancinsu kana cire lensi sensa ce tsirara a gabanka.

Wajen fitar da ita, fara da abin da ba ya taɓawa. Cikin menu akwai wurin da kyamara ke girgiza sensarta da kanta, ka gwada shi sau biyu ko uku. In bai yi ba, ka cika batir, ka zaɓi wurin da ke ɗage madubi don shara, ka kifa kyamarar, ka hura da robar hura iska ba tare da bakinta ya shiga ciki ba. Cika batirin ba wasa ba ne, in ya mutu kana tsakiyar aiki madubi da labulen shota za su rufo kan abin da ke ciki. Ka tuna hoto a kife yake sauka a kan sensa, ɗigon da ka gani a sama yana ƙasa ne. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Kada ka kusance ta da auduga, tishu ko bakin riga. In ta ƙi fita, to ta manne, sai da tsinken shara na musamman mai faɗin sensar da ruwansa, shafa ɗaya a jefar. Wannan ka kawo mini shago mu yi tare a karon farko, ka ga nauyin hannun da ake sawa. Gilashin gaba ma hurawa ake fara yi kafin a goga, domin ƙurarmu akwai yashi a cikinta, in ka murza shi da ƙyalle ka kankare rufin gilashin.

In damina ta zo abokin gaba ya sauya, ya koma laima. Lensin da aka kulle a jaka mai danshi yana yin fumfuna daga ciki, ka ga wasu zare-zare kamar saƙa, in ta daɗe kuma tana cin gilashin. Ka samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, ka riƙa sauya su. Kada ka bar kyamara a cikin mota a rufe a watan Afrilu. In za ka ajiye ta ta daɗe ka cire batir. Memori kuma, bayan ka kwashe hotuna ka adana su wuri biyu, a cikin kyamarar za ka yi masa fomatin.

Hotunan da ka riga ka ɗauka ba su lalace duka ba. Ka share ɗigon a hoto ɗaya a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ka kwafa gyaran zuwa sauran tunda wurinsa ɗaya ne, ka daidaita haskensu, sannan ka haɗa. In ba ka da Lightroom, Hugin kyauta ce kuma tana ba ka dama ka nuna mata wuraren haɗi da hannunka. Dutsen da ya karye ka yanke shi daga ƙasa. Hazon da ya rufe nesa dai babu manhajar da za ta dawo maka da abin da ke bayansa. In gari kake so ya fito tas har bakin ganinka, ka koma da sassafe washegarin ruwan sama, a Yuli ko Agusta. In kuma a hunturun za ka koma, ka je bayan la'asar sakaliya lokacin da rana ta zama jan faifai a cikin hazo, ka saita haske a kan sama, ka bar hasumiyoyi da rufin gidaje su fito baƙi. Ka zo da kyamarar ranar Asabar kafin azahar, da batir a cike.