Mutuwar Dumbledore: ta dace da shi, ko wulaƙanci aka yi masa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na karanta littattafan Harry Potter duka bakwai, amma har yau zuciyata ba ta amince da yadda aka kashe Dumbledore, shugaban makarantar sihirin da Harry ke karatu, ba. Mutumin da aka ce Voldemort, babban mugun labarin, kansa yana shakkarsa, a ce ɗan makaranta ne ya fizge masa sanda, sannan ya tsaya yana roƙon Snape, ɗaya daga cikin malaman makarantar, har aka jefo shi daga saman hasumiya? Ni dai wulaƙanci na gani. Da a fagen fama ya faɗi, da ya fi mini. Ƙanena ya ce ai dole ne a kawar da shi don Harry ya tsaya da ƙafarsa. Malam, mene ne ra'ayinka?

Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Duk wanda bai kai littafi na bakwai ba ya dakata a nan, don zan fasa ƙwai.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba. Muddin Dumbledore yana raye, mai karatu ba ya jin tsoro da gaske. A littafi na biyu tsuntsunsa Fawkes ne ya kawo wa Harry ɗauki a ƙarƙashin ƙasa, a na biyar kuwa shi da kansa ya bayyana a Ma'aikatar Sihiri ya tari Voldemort. Labarin da jaruminsa ke da irin wannan bango ba zai iya ƙarewa ba sai bangon ya faɗi. Sai dai wannan hujja ta tsaya ne a kan dalilin da zai sa ya mutu. Ke kuwa a kan yadda ya mutu kike magana, kuma a nan ne abin ke da daɗin tattaunawa.

Mu ɗauki fagen faman da kike so. Wa zai kashe shi a can? In Voldemort ne ya yi galaba a kansa gaba da gaba, to da wane ido za mu yarda cewa yaro ɗan shekara 17 zai kayar da wanda ya kayar da Dumbledore? Kuma Elder Wand, sandar nan da ta fi kowace sanda ƙarfi, wadda Dumbledore ya ƙwace daga hannun mugun matsafin nan Grindelwald a 1945, da ta koma hannun maƙiyi a halacce, labari ya ƙare ke nan. In kuwa wani daga cikin yaran Voldemort ne ya same shi a tsakiyar hargitsi, wannan ai ya fi wulaƙanci. Balle ma marubuciyar, J.K. Rowling, ta riga ta ba mu wannan karawar a littafi na biyar, kuma Voldemort ne ya tsere.

Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne ba a kan hasumiya aka kashe Dumbledore ba. Tun shekara guda kafin nan ya ɗauko ajalinsa da hannunsa. Ki tuna hannunsa na dama da ya yi baƙi ƙirin ya ƙanjame tun farkon littafi na shida, Harry yana tambaya, shi kuma yana ce masa sai wani lokaci. Zoben Marvolo Gaunt, kakan Voldemort, ne ya jawo haka. Ya je kangon gidan su Gaunt ya tono shi, yana sane sarai cewa Voldemort ya ɓoye wani yanki na ransa a ciki, yana kuma sane cewa ba za a bar irin wannan abu babu mugun tsari ba. Amma da ya ga dutsen da ke jikin zoben, ya gane shi ne dutsen da ke kiran matattu, sai hankali ya gushe. Ya zura shi a yatsa. Me yake nema? Ƙanwarsa Ariana da iyayensa. Ariana ta mutu ne a tsakiyar faɗan da ya kaure tsakaninsa da ƙanensa Aberforth da Grindelwald, lokacin yana saurayi yana mafarkin mulkar duniya, kuma har ya tsufa bai san sihirin wanene a cikinsu ya same ta ba. Snape ya yi iya ƙoƙarinsa ya tsare la'anar a hannu ɗaya, ya ce masa abin da ya rage bai fi shekara ba.

A nan ne na tsaya da ƙarfi cewa mutuwar ta dace. Tsoho mai shekara fiye da ɗari, wanda ya ƙi kujerar Ministan Sihiri sau da yawa don bai yarda da kansa a kan mulki ba, wanda tun a littafin farko ya ja kunnen Harry ɗan shekara 11 kada ya lalace a gaban madubin da ke nuna masa iyayensa, shi ne ya faɗa wannan ramin da ya gargaɗi yaro a kansa. Babu abokin gabar da ya isa ya kayar da shi. Tsohon mikinsa ne ya kayar da shi. A wurina marubuci ba zai iya yi wa gwarzonsa adalcin da ya wuce wannan ba.

Yanzu mu hau hasumiyar mu duba da kyau, don ina jin kin karanta wurin ne ranki a ɓace. Daga kogo suka dawo, inda ya shanye kwanon dafin nan, Harry yana ɗura masa ba da son ransa ba saboda alkawarin da ya sa shi ya ɗauka. Da ƙyar yake tsayuwa. Da aka banko ƙofa yana da daƙiƙa ɗaya tak, kuma zaɓi biyu: ya kare kansa, ko ya daskarar da Harry a ƙarƙashin mayafin ɓacewa don kada ya yi gangancin fitowa. Ya zaɓi na biyu, shi ya sa Draco Malfoy, ɗan makarantar da kika ambata, ya samu sandar. Daga nan kuma ki lura da wanda ke riƙe da ragamar zancen. Tsohon yana zamewa a jikin bango kaɗan-kaɗan, ba sanda, amma shi ke yi wa yaron tambayoyi, har yana yaba masa dabarar da ya shigo da mutanen Voldemort cikin makaranta, yana yi masa tayin ɓoye shi da mahaifiyarsa. Draco mai sanda shi ke rawar jiki, har hannunsa ya fara sauka kafin sauran su iso. Wannan bai yi mini kama da wanda aka wulaƙanta ba.

Roƙon da ya yi wa Snape kuwa, da gangan aka rubuta shi ya yaudare mu. Wanda ya karanta a Yulin 2005 ya ji tsoho yana roƙon a bar shi da rai. Sai a Yulin 2007, cikin tunanin da Snape ya bar wa Harry yana gab da cikawa, muka gane cewa roƙonsa yake ya cika alkawari ya yi kisan. Shekara biyu masu karatu suna musu, wasu har suna rantsuwa bai mutu ba, zai dawo kamar yadda Gandalf ya dawo a labarin Tolkien. Sai da Rowling ta fito a New York a 2006 ta ce a daina jira, ya mutu.

Ga kuma abin da ya fi burge ni. Shirinsa shi ne ya mutu ba tare da kowa ya yi galaba a kansa ba, tunda da yardarsa Snape zai kashe shi, ta yadda ƙarfin sandar zai bi shi kabari. Fizgar da Draco ya yi ta rusa wannan shiri. Sandar ta koma biyayya ga Draco, daga baya Harry ya ƙwace sandar Draco ta kansa a gidan iyayensa, biyayyar ta dawo kansa, kuma da wannan ya tsira a karon ƙarshe. Ashe abin da ya fi ƙona miki rai shi ne ƙusar da ta riƙe ƙarshen labarin. Ko da yake, a faɗi gaskiya, dokokin nan na biyayyar sanda sun zo a makare. Sai a littafi na bakwai aka zauna aka shimfiɗa su, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya ji kamar an ɗinka su ne daidai da buƙata.

Inda nake da ƙorafi daban yake da naki. Mutuwar ta yi wa Dumbledore kyau, amma wasu ne suka biya kuɗinta. Ya san tun farkon shekara cewa Voldemort ya ɗora wa Draco kashe shi, ya bar shi yana ta lalube. A cikin laluben nan wata ɗaliba Katie Bell ta taɓa sarƙar wuya mai la'ana ta yi watanni a asibiti, Ron abokin Harry ya sha guba saura ƙiris, a daren ƙarshe kuma Greyback, ɗaya daga cikin mutanen Voldemort, ya yayyage fuskar Bill Weasley, yayan Ron. Shugaban makarantar da aka damƙa wa amanar 'ya'yan mutane ne fa.

Sai Snape. Dumbledore ya ce ba ya so ran Draco ya lalace da kisan kai, Snape ya tambaye shi, shi nasa ran fa? Amsar da ya samu ita ce shi kaɗai ya san ko taimaka wa tsoho ya kauce wa azaba da tozarci zai cutar da ransa. Amsa ce mai wayo, irin ta wanda ya riga ya yanke hukunci. Mu da muka tashi a kan cewa rai ba na mai shi ba ne balle ya ba wani izinin ɗauka, dole wurin ya tsaya mana a wuya, kuma ban ga laifin wanda ya tsaya masa ba. Bayan haka Snape ya shekara kowa na tsine masa, abokan aikinsa na kallonsa a matsayin maci amana. A ƙarshe Voldemort ya sa macijiyarsa Nagini ta kashe shi don yana zaton shi ne ubangidan sandar, zaton da duk mai hankali irin na Dumbledore ya kamata ya hango. Littafin bai nuna mana ya taɓa gargaɗinsa ba.

In fim ɗin 2009 ne ya ƙara ɓata miki rai, to da dalili. Michael Gambon da Alan Rickman sun yi nasu, amma an cire daskarar da Harry. An sa shi ya laɓe a ƙasan bene yana kallo, Snape ya yi masa alamar ya yi shiru, shi kuma ya bi. Da aka cire wannan, babu sauran dalilin da zai sa Draco ya samu sandar cikin sauƙi haka, sai abin ya koma kamar tsufa ne kawai ya ci ƙarfin Dumbledore. Jana'izar ma da farin kabarin da ke bakin tafki duk ba a nuna ba, aka maye gurbinsu da ɗaga sanduna sama.