Amsar Goggo kan cin naman kaza

'Yata,

Saƙonki ya iso tare da hotunan. Kin ce matar da kike haya a gidanta a Gboko, jihar Binuwai, ta zubo miki miyar naman kaza, wato tsiron nan mai hula da ke fitowa da damina, kin ci kin ji daɗi, sai abokiyar bautar ƙasarki 'yar Katsina ta ce Bahaushe ba ya cin wannan abu, wai ƙazanta ne, wataƙila ma haramun. Kina son sanin ko haka al'adarmu take, da kuma ko za ki iya tugo waɗanda suka fito a filin makarantarku ki dafa.

Ta biyun zan fara amsawa don ita ce ta gaggawa: kada ki kai su tukunya. Shekarun da na yi ina aikin jinya da waɗanda na yi ina bin kakarki daji duka ba su ba ni ikon shaida naman kaza a hoto ba. Sai an riƙe shi a hannu, an sansana, an ga gindinsa da inda ya tsiro.

Maganar haramci kuwa ba ta taso ba. Tsiro ne da Allah ke fitarwa da damina, abin da zai hana cinsa cutarwa ce kawai. Akwai ma hadisi a Buhari da Muslim inda Annabi (SAW) ya yabi kam'a, wani ɗan'uwan naman kaza da ke yin ƙwallo a ƙarƙashin yashi a ƙasashen Larabawa bayan an yi ruwa, ya ce tana daga cikin mannu. Abokiyarki dai abin da ta taso ta gani ta faɗa. A Katsina da Kano da Sakkwato damina wata huɗu ce, daji kuma ya zama gona tun zamanin kakanni. Abin da yaro zai gani a can shi ne wanda ke fitowa a juji da kan kashin shanu, a ce masa laimar kwaɗi ce, kul ya taɓa. Iyayen sun yi daidai. Mu da muka tashi a ƙasar Lere, inda ruwa ke kai wata shida kuma dajin doka na bayan gari, abin miya ne a wurinmu kamar yadda yake a wurin Kurama da Gwari da Nupawa da Tibi. Da yawan abin da iyayenmu suka sani ma a wurin maƙwabtan nan suka koya, a bakin rafi da wajen itace.

Al'adar da na sani guda ce, kuma mai tsauri: yarinya ba ta zuba wa ƙwarya abin da babba ba ta taɓa ɗora mata a tafin hannu ta faɗa mata sunansa ba. Kakarki iri huɗu ko biyar kawai take ɗauka. Sauran, komai kyansu, wuce su take yi ko kallo ba su ishe ta ba.

Sarkinsu shi ne na suri. Gara ce ke noma shi. A can cikin suri tana tara tattaunannen itace da ciyawa, wannan tsiro ya bi ya narkar mata da su ta samu abinci, idan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai sai ya huda ya fito. Shi ya sa yake da doguwar saiwa mai tafiya ƙasa har gidan garar, ga ɗan tsini mai tauri a tsakiyar hularsa wanda da shi ya fasa ƙasar. Masu bincike suna kiran wannan dangi Termitomyces, kuma a Zambiya akwai irinsa da faɗin hularsa ke kusan mita 1. Namu ba ya kai haka, amma guda biyu sukan ishi miyar gida. Akwai kuma ƙananan farare, su ma na gara ne, da ke fitowa ɗaruruwa a dare ɗaya. Tsince su da wanke musu yashi aiki ne na mai haƙuri, amma romonsu ya fi na manyan.

Surin da ya bayar bana yakan sake bayarwa baɗi, kusan a lokaci guda, don haka kowace mata tana da nata surin da take kewayawa, kuma abin kunya ne a gan ki a na wata da asuba. Ba a sa fartanya a rushe suri don kwaɗayin saiwa, a murɗe ake a bar sauran a ƙasa. Sammako ake yi, don kafin hantsi tsutsa da awaki sun riga ki. Sannan ba a zura hannu a ramin suri sai an bubbuga da sanda, gamsheƙa da kububuwa na son kwana a ciki.

Bayan na suri akwai ruwan ɗorawa mai siffar mazurari da ke fitowa a gindin doka idan damina ta yi tsakiya, saiwarsa a haɗe take da ta bishiyar, ba ya yin gona. Akwai fari mai ɗan tauri na kan ruɓaɓɓen kututture, wanda sai an sa masa 'yar kanwa.

Yanzu ga abin da ya sa na hana ki. Wanda na fi zargi a hotunanki, farin nan mai faɗi da zobe a wuya da ke jeruwa a ciyawar fili, yana da tagwai biyu: ɗaya ana ci, ɗayan amai da zawo yake sawa har sai an ƙara wa mutum ruwa. Kama da wane ba ta wane. Mugun idan ya tsufa ƙasan hularsa kan koma kore-kore, in kika kifa hular a kan farar takarda ta kwana za ki ga koren gari ya zuba. Amma ki lura, wannan gwaji na jefarwa ne kawai. Rashin ganin kore bai ce ki ci ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai dangin da ake kira Amanita, masu wata jaka a gindi wadda ba za ki gani ba sai kin tono shi gaba ɗaya. Cikinsu akwai na ci, akwai kuma mafi kisa a duniya, wanda asalinsa na Turai ne amma ya bi dashen itatuwa har Amurka da Afirka ta Kudu da Ostireliya. A 2023 mutum 3 suka mutu a Ostireliya bayan cin abincin rana da aka sa shi a ciki. Rabin hularsa na iya kashe babban mutum, kuma dafuwa ko suya ko shanya ba sa karya dafinsa. Makircinsa shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan awa 6 zuwa 24 ciki zai ɓaci, daga nan mutum ya ji sauƙi har a ce ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Duk mai jaka a gindi, ni dai ban yarda ki ɗauka ba ko wa ya ce miki ana ci.

Ba duk abin da aka gada ne nake karewa ba. Za ki ji an ce in tsutsa ko dodon koɗi sun ci to mutum ma zai ci, ko a jefa cokalin azurfa ko albasa a tukunya in bai yi baƙi ba lafiya lau, ko a ba kaza ta fara. Duk babu gaskiya a ciki. Cikin tsutsa ba irin naki ba ne, kuma kazar da ta ci da safe tana iya yawo har dare da dafin a jikinta. Haka zancen a sha manja ko madara a karya guba, ɓata lokaci ne.

In har kina son koyo, ki roƙi matar gidanku ta tafi da ke, ki gaishe ta da kyau, ki riƙe mata kwando. Ilimin wannan abu na ƙasa ne, abin da na sani a Lere ba lallai ya yi miki aiki a Binuwai ba, ita ce gwanar dajinta. Ki koyi iri ɗaya tak a daminar nan, na suri ya fi sauƙin shaidawa. Kada ki haɗa wanda kika sani da wanda kike shakka a mazubi ɗaya, kada ki ƙulle shi a leda don yana ruɓewa nan da nan, kada ki ci ɗanye. Ranar farko ki ci kaɗan, ki ajiye guda ɗaya ba a dafa ba. In ciki ya murɗa, ko da washegari ne, ki tafi asibiti da shi a hannu, ki faɗa wa likita abin da kika ci da lokacin da kika ci, kuma kada ki yarda a sallame ki don kawai aman ya tsaya, sai an duba hanta.

Kuma ba a nisa cikin daji a wannan zamani, gefen gonaki ya isa. Babanki ya ce ki kira shi ranar Juma'a.

Goggonki