Filin Tambayoyinku: Mota ta mace a cikin ruwa, makaniki ya ce sai an buɗe inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ƴar Kwatano. Ranar da aka yi ruwan nan mai yawa a watan Agusta na taso daga kasuwa zan koma gida, na tarar ruwa ya cika hanya, wata Hilux ta shige gabana lafiya lau ni ma sai na bi ta, kuma na taka totur sosai don an ce haka ake yi kar ruwa ya shiga ta salansa. Ina tsakiya mota ta mace. Yara suka turo ni waje, na yi ta murza makulli ba ta tashi ba, muka gwada turi ma ta ƙi. Yanzu makaniki ya ce biyel ta lanƙwashe sai an buɗe inji. Gaskiya ne ko dai so yake ya ci kuɗina? Daga mai karatunku a unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban ga motar ba, amma yadda ka ba da labarin nan maganar makanikinka ta kama hankali, kar ka yi saurin zarginsa.

Maganar salansa da ake ta yaɗawa ita ta cuci mutane da yawa. Muddin inji na aiki hayaƙi na turowa waje, ruwa ba ya samun hanya ta nan. Ƙofar da yake shiga tana gaba, wato bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa zuwa filtar iska, kuma a ƙananan motoci bakin bututun nan bai da nisa da ƙasa, wasu ma a bayan bamba yake. To kai da ka taka totur abu biyu ka haɗa, gaban mota ya turo ruwa ya yi tudu har ya kai bakin bututun, sannan inji na zuƙa da iyakar ƙarfinsa. Ga kuma igiyar ruwan da Hilux ta bar maka a baya. Ita fa doguwa ce, taka kuwa tsakanin cikinta da ƙasa wajen santimita 15 ne kawai.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, aikin fistan (ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin da ake kira silinda) ya matse iska da mai, a injin fetur yana matse su wajen ninki 10. Iska na matsuwa, ruwa ba ya matsuwa ko kaɗan. A inji mai lita 1.6, gurbin da ke saura in fistan ya kai ƙarshen hawansa bai kai mililita 50 ba, kwatankwacin ɗan kofin shayin nan namu, don haka ba sai bokiti ya shiga ba. Fistan ya taho da gudu ya tarar da ruwa, sauran silinda na ci gaba da juya shi ta ƙarfi, sai biyel, wato ƙarfen da ya haɗa shi da bilbireke (sandar da fistan ke juyawa), ta lanƙwashe, wani lokaci ta karye ta huda jikin inji. Masu dizal nasu ya fi muni don matsin injinsu ya kusa ninka na fetur.

Inda na fi jin takaici shi ne murza makullin da turin. Sau da yawa in mota ta mace a ruwa tana tafiya a hankali, ba abin da ya lalace tukuna, ruwan ne kawai zaune a saman fistan. In aka kunce buji (fulogin da ke ba da wuta) duka, aka cire fiyus na famfon mai, aka juya inji, ruwan zai feso ta ramukan buji, a busar, a sa sabuwar filta, a juye baƙin mai, shi ke nan. Amma mu nan da mota ta tsaya sai jama'a su taru, kowa da niyyar taimako, “sa ta a giya biyu mu tura”, to turin nan nauyin mota gaba ɗaya ake ɗora wa biyel, ya fi na makulli ɓarna.

Kafin ka biya, ka ce ya auna matsin kowace silinda a gabanka, ko ya gwada tsayin da kowane fistan ke kaiwa, wanda biyel ɗinsa ta lanƙwashe ba ya kai sauran. In ta tabbata kar ka yarda da mai ce maka a lallaɓa a ci gaba da hawa tunda tana tashi, wata rana kana hanyar Tasawa ko Dan Isa za ta karye, lokacin kuma inji sukutum za ka nema. Kuma a wanke ciki da kyau, ruwan garin nan ba ruwa ne zalla ba, yashi yake kwasowa daga tudu yana gangarawa Gulbi (gangaren nan ba wasa ba ne, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon gari daga kwari zuwa bisa tudu). Yashin in ya gauraya da baƙin mai cin ƙarfe yake, shi ya sa juye ɗaya ba ya isa, a sake wani bayan ƴan kwanaki.

TAMBAYA: Malam ni tawa otomatik ce, na ratsa ruwa ba ta mace ba, amma tun ranar birki ya yi sanyi, wata fitila na kamawa a gaban sitiyari, cikin motar kuma wari. Daga wata Hajiya a Ali Dan Sofo.

AMSA: Hajiya kin auna arziki. Birki in ya jiƙe yakan yi sanyi na ɗan lokaci, ana fita ruwa a riƙa taka shi a hankali ana tafiya har ya bushe, amma tunda naki ya kwana biyu a haka a kunce tayu a duba, ƙila laka da yashi ne suka maƙale. Fitilar kuma a kai wa mai na'urar duba kwamfutar mota, galibi ruwa ne ya shiga mahaɗar wayoyi. Ki sa a zaro sandar duba baƙin mai da ta man giya, in kika ga mai ya yi fari-fari ko ya yi kumfa to ruwa ya shiga, kar a sake tayar da ita sai an juye, giyar otomatik ba ta haƙuri da ruwa ko kaɗan. Warin daga ƙarƙashin kafet ne, akwai soso a wurin da ke riƙe ruwa, sai an ɗaga shi an shanya a rana, turare ba zai yi magani ba.

Gaba in za ki ratsa, ki tsaya ki ga inda ruwan ya kai a tayar wata ƙaramar mota irin taki, ba ta babba ba. In ya wuce rabin taya ki juya. In kuwa gudu yake, santimita 30 ma na iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita, wannan ki samu wuri mai tudu ki faka ki jira ya janye.