Ferrari F355 ta hannu: kafin ka biya kuɗi

Ɗan'uwa, ka ce ka ga F355 a kasuwa, kana tambayar ko riƙe ta zai yi wuya. Zai yi, kuma wahalar daga belin taimin take farawa, wato belin roba da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na inji. Motar nan da aka ƙera daga 1994 zuwa 1999, injinta a tsakiya yake, belin kuma yana gefen da ke manne da bayan kujeru. Shi ya sa a bisa ƙa'ida sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza shi. Robar belin tana tsufa ko da motar na kwance a gareji, in kuwa ya tsinke, fistin ya daki bawul, magana ta ƙare.

Saboda haka ka fara neman rasit na ranar da aka yi wannan aikin. In mai ita ya fara kame-kame, ka rage farashi ko ka kama gabanka. Sa bakanike ya duba bututun hayaƙi inda ya fito daga inji, yana yawan tsagewa. Maɓallan ciki ma sukan yi danƙo kamar an shafa musu alewa.

Ni dai da 360 Modena zan nema, Ferrarin da ta biyo bayan F355, ita ta bayan kujera ake kai wa belinta, ba sai an sauke inji ba.