Amsa: Abin da za ka gani kyauta a yankin tafkunan Ingila

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Manchester, aljihu ba nauyi, kana son ka zaga Lake District, wato yankin tafkunan Ingila, ba tare da sayen tikitin shiga ba. Zai yiwu, don shiga yankin kansa kyauta ne.

In ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta garin Windermere, hanyar hawa tudun Orrest Head na tsallaken titi. Tafiyar kamar minti 20 ce, ga tafkin Windermere nan shimfiɗe a ƙasanka. Amma ni na fi son ɓangaren garin Keswick, kuma bas mai lamba 555 na zuwa can. Ka bi bakin tafkin Derwentwater zuwa Friar's Crag, wani wurin kallo a bakin tafkin, sannan ka leƙa da'irar duwatsun Castlerigg, mai shekaru kusan 5,000. In ƙafa na da ƙwari, ga dutsen Catbells, mita 451.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wurin ajiye mota da abinci, don haka ka yi guzuri. Kada hasken ranar safe ya ruɗe ka, ruwan sama a can ba ya sallama. Ka ɗauki rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa.

Dutsen Scafell Pike kuwa, mai tsayin mita 978, sabon shiga ya nemi ɗan jagora. In wani ya ji rauni a kan dutse, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda su haɗa ka da masu ceto.