Amsa ga Yayana na Jega: Taron Dangi a Zango da Makokin Malami

Yaya, Allah ya ƙara girma. Tambayoyi biyu ka yi mini daren da zan bar Jega, ban iya ba ka amsa ba saboda halin da nake ciki. Ka ce yaron nan da ya rasu, tunda ba ɗana ba ne kuma ba jininmu ba ne, me ya sa mutanen Kumasi suke ta kirana a waya suna yi mini ta'aziyya, har na katse hutun Sallah na koma. Sannan ka ce ka ji wai babban taron danginmu na can ba da Sallah ake yin sa ba, sai ƙarshen Disamba lokacin bikin Kiristoci, abin bai kwanta maka ba. Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya, kuma sai an koma kan yadda muka samu kanmu a Ghana kafin a gane.

Ka san kakanninmu goro ne ya fitar da su. Ayarin fatake yakan tashi daga kasuwar Jega da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafin rini, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892 sai 'yan kasuwa da malamai suka watse, wasu garin Karaci (Kete-Krachi), wasu Kintampo. Babban malamin nan Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, asalin gidansu Kabi ne. Bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896 zangon garin ya fara cika, a nan kuma kakanmu ya ajiye kaya bai sake ɗaurawa ba.

To, duba halin mutumin da ya sauka a zango a wancan lokaci. Ba shi da baffa, ba shi da gwaggo, duk ya baro su a Kabi. Maigidan da ya sauke shi, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke nema masa aure, shi ke zama waliyyinsa. In aka haihu, malamin unguwa ke raɗa suna, kuma hannunsa za a kai yaron da allo in ya isa. A Jega in an yi rasuwa an san waɗanda za su zauna a kan tabarmar makoki, domin jini ya riga ya jera su. Mu a can zama ne ya jera mu. A unguwarmu ta Aboabo akwai Hausawa da Zabarmawa da Moshi da Dagwamba da Wangarawa da Kotokoli, duka Hausa muke yi, makaranta ɗaya, masallaci ɗaya, kuma maƙabartar Tafo ce ke jiran kowa. Yaron da nake magana a kansa iyayensa Moshi ne. Ranar da ubansa ya kawo mini shi, cewa ya yi: "Malam, ga ɗanka nan." A wurinmu wannan magana ba ta fatar baki ba ce. Ana riƙe mutum da ita har mutuwa.

Sai kuma abin da ya warwatsa mu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa na zango suka rabu biyu, wasu suka dawo Najeriya da Nijar, wasu suka tsaya. A 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka koma, cikinsu har da 'ya'yan zangon da suka zo nema Legas da Kano. Daga nan ne samarinmu suka juya fuska zuwa Libiya da Jamus da Italiya da Amurka. Yau da wuya ka shiga gida a Aboabo ko Asawase ka tarar ba shi da ɗa a Hambug ko Niyok.

Sallah muna yin ta da kyau, kada ka ɗauka mun sake ta. Tun zamanin Rawlings ake ba da hutun Sallolin biyu a ƙasar duka, duk da Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai a ƙidayar 2021. Ana zuwa idi, ana yanka, sarakunan zango suna fita da dawakai da kaɗe-kaɗe, yara suna yawon barka da Sallah. Sai dai mai aikin masana'anta a Jamus ba a ba shi hutun Sallah, ga shi kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya, ba yadda zai tsara tafiya da 'ya'yansa masu makaranta. Ƙarshen Disamba kuwa ko'ina an rufe makarantu, ma'aikatu sun sassauta. Shi ya sa ake tara ɗaurin aure da saukar karatu da addu'ar mamata a wannan lokaci. Ba coci ake zuwa ba, ba bikin kowa ake tayawa ba. Da safe malamai ke buɗewa da karatun Alƙur'ani, mata sun ɗinka anko suna tuƙa tuwo a manyan tukwane, da yamma a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida dattawa su zauna da littafin asusun dangi. Akwai malamanmu da ke ƙyamar sadakar arba'in da ta shekara, kamar yadda ake wannan muhawara a wurinku, amma ban ji wanda ya hana a haɗu a ga juna ba.

Wannan zaman na yamma shi ne zuciyar taron. Ana kiran gida gida, a ce wane yana ina, wance fa, wa ya haihu, wa ke asibiti, wa ya daina kiran uwarsa. Malami yana zaune kusa da dattawa, kuma in aka zo kan yaron da ya bi ta hannunsa shi ake fara duba. Tun da na fara koyarwa nake amsa irin wannan tambaya a kan yaran mutane.

Shi wannan yaro yana da shekara shida aka kawo shi. Bahago ne, sai da na sha fama kafin ya iya riƙe alƙalami da dama, kuma har ya yi sauka in ya gaji sai ka ga tawada ta koma hannun hagu. Muryarsa siririya ce, amma in yana tilawa a Suratu Maryam yaran da ke wasa a baya sukan yi shiru. Bayan sauka ya tafi Suame Magazine, unguwar makanikai, ya koyi gyaran manyan motoci. Duk Juma'a sai ya biyo ta gidana da man inji a faratansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye ɗan abin da ya samu a ƙarƙashin buzuna don kada in ce ya mayar. Ranar da zai tafi ya zo neman addu'a. Na faɗa masa abin da na sani game da hanyar Agadas da sahara da gidajen da ake tsare mutane a Libiya. Ya saurara kansa a ƙasa, ya ce ƙannensa biyar ne, uban ya tsufa, aikin garejin kuma ba ya biyan haya. Na yi masa addu'a ya tafi.

Washegarin Sallah, ana cikin suyar nama a gidanka, abokin tafiyarsa ya kira daga Libiya. Jirgin roba ne suka shiga da dare, ya kife kafin ya yi nisa. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum tun 2014. Na sha jin wannan adadi a rediyo, amma ranar ne na san nauyinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, babu gawa. Ni ya kamata in tsaya a wankansa, in sa hannu a likkafaninsa, in raka shi Tafo. Malamanmu na Malikiyya ba sa yi wa wanda gawarsa ba ta nan sallah, wasu abokansa kuwa sun yi masa a masallacinsu, ban hana kowa ba. Da na isa gidan, uban ya tashi ya matsa mini wuri a damansa. Masu gaisuwa in sun ce masa "ya haƙuri", sai su juyo su ce mini haka. Uwar ta aiko daga cikin gida a tambaye ni ko allonsa yana nan. Yana nan, a jingine da na sauran waɗanda suka yi sauka. Na ce a gaya mata zan kawo, amma har yanzu ban iya ɗaukowa ba. Da na tsaya a Jega na ƙarasa hutuna, da an ce malaminsa bai zo ba, kuma wannan magana da ta bi uban har kabarinsa.

Akwai bashin da aka ci don tafiyar tasa, wani a hannun maigidansa na gareji, wani a adashin uwar. Ka san ba a barin mamaci da bashi a wuya. Dattawa sun ce a bari sai taron Disamba, in 'yan Turai sun zo, a karanta shi a gaban kowa a raba. An riga an sa sunana cikin masu ɗauka, bayan uban da kawunsa. Ni kuma na nemi a ba ni lokaci a zaman yamma in yi magana da iyaye, domin akwai yara uku a ajina na manya da na san suna tara kuɗin hanyar nan a ɓoye, biyu daga ciki iyayensu ba su sani ba.

Ina roƙonka ka sa limaminku ya saka shi a addu'a ranar Juma'a. Ka gaida Inna da su Hajiya, ka kuma ba su haƙuri na tafi ban yi musu sallama yadda ya kamata ba.